Direban da Ya Zare Makulli a Bakin Rafi

Tunda ka ce yanzu ba ka gaskata maganar kowa sai ka duba waya, ƙanena, zauna ka ji wannan.

Akwai wani tsohon direba mai jigilar ƙauyuka, gwanin hanya amma mai ƙarin gishiri a zance. Shekara da shekaru fasinja na jin labaransa suna gyaɗa kai, har ranar da ya ɗauko wani malamin makaranta da aka kira ganawar neman aiki ƙarfe huɗu na yamma. Direba ya ce ya taɓa zuwa Legas daga Kano cikin awa huɗu. Malamin ya latsa waya, ya karanto wa mota nisan hanyar, aka kwashe da dariya. Direba ya ce irin motarsa goma kacal aka ƙera a duniya. Malamin ya nuno hotunan irinta birjik, aka sake kwashewa. Daga nan ko sunan gari direba ya faɗa sai wani ya duba.

Da azahar suka iso wani rafi marar gada, sai daɓen siminti da motoci ke bi ta kai. Rana tsaka, ba ko ɗigon hadari, ruwan bai wuce idon sawu ba. Direba ya taka birki, ya fita ya tsuguna. Ruwan ya yi ja, yana tafe da ɗanyun ganye da karan gero mai saiwa. Ya dawo ya ce an yi ruwa a kan tudu, ambaliya na bisa hanya, ba zai shiga ba. Wayoyi suka fito. Wannan ya ce hasashen yanayi bai nuna ruwa ba, wancan ya ce taswira ta nuna hanya a buɗe. Motar ta kaure da hayaniya, ana ce masa maƙaryaci. Ya zare makulli ya jefa a aljihu, ya ce, "Zancen Legas ƙarya na yi. Zancen mota ma ƙarya ne. Wannan kam, don Allah ku yarda da ni." Wata dattijuwa ta dubi idonsa ta koma ta zauna, saura suka bi ta suna gunaguni. Malamin ya duba agogo, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗora takardunsa a ka, ya shiga ruwan da ƙafa. Yana tsakiya aka ji rugugi daga can saman rafin. Kafin ya juya ruwa ya kai masa ƙirji, ya kwashe ƙafafunsa ya maka shi jikin wata bishiya da ta faɗo gefen daɓen. Ya rungume reshe yana salati. Direba ya kwanto igiyar ɗaure kaya ya jefa. Ta farko ta kauce, ta biyu ruwa ya janye. A ta uku malamin ya saki reshen ya cafke, maza shida suka ja shi waje yana aman ruwa. Takardun shaidar karatunsa duka sun tafi.

Direban ba shi da bakin yin fariya, don da bakinsa ya zubar da darajar maganarsa tun da safe. Malamin kuma ya kama mutum da ƙarya biyu, sai ya ɗauka babu sauran gaskiya a bakinsa. Duba wayarka, ban hana ka ba, amma ba ta tsuguna a bakin rafi ba. Hausawa suka ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.