Rantsuwa a Gaban Kwamfutar Baba

Idan aka sauya wa abu kowane sashe na jikinsa, yaushe ne ya daina zama shi? Har yau ban sani ba.

Kwamfutar mahaifina ce. Kafin ya rasu ya zuba muryarsa a cikinta, kuma da muryar take karanta wa Inna saƙonni tun da idanunta suka daina gani. Cikin shekara tara na sauya mata gilashi, na sauya batir, na sauya murfi. Makon jiya injin cikinta ya ƙone, Mudi mai gyara ya sa sabo. Da aka kunna, sai ta kulle kanta.

"Dokar yanzu ke nan," in ji Mudi. "Ka rantse mata da bakinka cewa ita ce dai wadda aka saya, lasisin amfani da ita ya dawo. In ka ƙi, bayan kwana uku za ta goge komai."

"Ko ƙusa ɗaya ta asali babu a jikinta. Ba zan rantse ba."

"Haba Malam Tasi'u, kowa fa yana yi!"

Na kai ta gida a kulle. Inna ba ta roƙe ni komai ba. Shafa murfin kawai take yi, tana cewa, "Kwana biyu ban ji Malam ba." Haka take kiran Baba.

Rana ta uku da hantsi na tura ƙofa, na zauna gaban kwamfutar, na ce wallahi ita ce. Sannan ta amsa da muryar mutumin da ya hana mu rantsuwa ko a kan gaskiya: "Na yarda da kai."