Inuwa a Bangon Fada

"Matsa kaɗan," in ji Likita, yana saita wayarsa.

Ma'aikaciyar jinyar ta matsa. Tun safe da ayarin ma'aikatan asibitinsu ya shigo tsohon birnin nan na tsakiyar hamada take matsawa: a ƙofar ganuwa, a gindin hasumiya, yanzu kuma a saman benen fada. Duk hoton da ya ɗauka, Hajiya mahaifiyarsa yake tura wa.

Mai yi musu jagora ya nuna wata taga mai ƙananan huji, ya ce ta nan matan sarki suke kallon gari, suna ganin kowa, ba mai ganinsu. Ayari ya yi gaba. Ita ta tsaya, ta zura yatsa cikin huji ɗaya. Dutsen da zafi.

"Ka gaya wa Hajiya maganarmu?" ta tambayi Likita.

Ya kau da kai zuwa rairayin bayan ganuwa. "Kin san hawan jininta. Bari mu koma tukuna."

"Ni nake auna mata shi, Likita. Garau take. Har yau 'yarinyar nan mai allura' take ce mini."

Ya miƙo mata wayar, murya ƙasa-ƙasa. "Don Allah ba a nan ba. Ɗauke ni ɗaya mu tafi."

Ta ɗauka, ta duba, ta mayar masa. Zoben da ya ba ta a ɓoye ta cire ta ɗora a kan gilashin wayar.

"Ka goge wannan kafin ka tura," ta ce. "Inuwata ta fito a ciki."