Sukurun Bindigar Marlys

Karo na huɗu ke nan da sukurun ya kwance.

Orrin Haugland ya ɗora bindigar a kan teburin aikinsa, ya gyara zaman tabarau. Ƙirar Rasha ce ta farauta, mai ɗora harsashi da kanta bayan kowane harbi. Marigayi mijin Marlys Tveit ne ya sauya mata fasali don ta karɓi babban gidan harsashi, ajali ya riske shi bai gama ba. Abin da ya rage ɗan ƙarfe ne da bai kai faɗin farce ba, wanda ke yi wa harsashi jagora zuwa bakin bututu. In babu shi, harsashi sai ya kafe a hanya.

Orrin ne ya ɗaura shi a farkon bazara. Huji ɗaya, sukuru ɗaya, sai jan gam a jikin sukurun don kada ya kwance. Shekara arba'in yana gyaran bindiga a wannan lungu na Dakota ta Arewa, bai taɓa ganin jan gam ya saki da kansa ba.

“Ko dai hannun ya fara tsufa ne, Orrin?” in ji Marlys, tana yanka kek ɗin tuffa da ta zo da shi. Akwai filasta a babban ɗan yatsanta.

“Hannun lafiya lau. Harbinki ne ke tsorata ƙarfe.”

“Ji tsoho da baki! Diloli na cinye mini tumaki kana zolaya. Zuba mini kofi.”

A ƙa'idarsa, aikin da aka dawo da shi kyauta yake sakewa, kuma a gaban mai shi. Don haka duk bayan mako uku, ranar Asabar, Marlys kan tuƙo mil goma sha takwas, ta zauna a kujerar da babu wanda ya zauna a kai tun rasuwar matarsa, su yi hira har azahar. Ya goge baƙin da ke kewaye da sukurun, yana cewa a ransa hayaƙin albarushi ne. Bututun kuwa tas yake. Ya yaba mata tsabta.

Da motarta ta ɓace a bayan gonar alkama, ya miƙa hannuwansa a gaban taga ya zuba musu ido. Na dama yana ɗan rawa. Ko ba ya yi? Ya daɗe yana kallo bai tabbatar ba.

Tun hunturu 'yarsa Kendra ke kira daga birnin Fargo. Ta gyara masa ɗaki a ƙasan gidanta, mai taga ɗaya. Ya yi mata alkawari ranar da aikinsa ya daina riƙewa zai rufe shago ya taho, domin bindigar da ta kafe a hannun mai ita tana iya jawo asarar da ta fi ta tumaki.

Ranar Lahadi ya ɗauki waya.

“Ki zo ƙarshen wata. Ki taho da babbar mota.”

“Baba, ka tabbata?”

“Sukuru ɗaya ya gagare ni sau huɗu. Me kuma zan jira?”

Litinin ya sauke allon shagonsa da ke bakin hanya. Talata ya naɗe kayan aikinsa cikin tsumman mai, ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta sunan wanda zai ba kowanne. Biyu daga cikin sunayen sai da ya soke, don ya tuna masu su sun riga mu gidan gaskiya.

Laraba da hantsi ya nufi gonar Marlys. Bai sake zuwa ba tun jana'izar mijinta. A aljihunsa akwai lambar wani mai gyara a garin Minot, matashi mai hannu tsayayye. Zai ba ta haƙuri, ya ce kada ta ƙara dogara da aikinsa.

Tumakin suna kiwo hankali kwance. Ya ƙwanƙwasa, shiru, sai rediyo ke magana a ciki. Ya tura ƙofar kicin.

Marlys na zaune a bakin tebur, ta ba shi baya, bindigar a shimfiɗe kan tawul. Da hannu ɗaya ta riƙe 'yar wutar gas ta walda tana gasa sukurun a hankali don gam ɗin ya narke, ɗaya hannun kuma yana jira da sukurudireba.