Jinin Ɗan Kokawa

Kubura ta tsinci kwalbar allura ta uku a bayan randa, ta jefa ta gaban mijinta, Malam Bawa, yana cikin cin tuwo.

Tun ranar da ƙanensa Ɗantala, ɗan kokawa, ya kwaso kayansa daga Maradun ya tare a zaurensu na Talata Mafara, ba ta ƙara samun sukuni ba. Ƙato kamar rumbu, ga kurajen baya, ga saurin fushi. Kowa ya san allurar ƙarin ƙarfi yake yi, shi kuma yana rantsuwa ya daina. Abin da ya fi ƙona mata rai, ɗanta Fa'iz, saurayin da ba ya wuce sahun farko a masallaci, ɗaki ɗaya suke kwana. Ta fi so a raba su kafin ya ga abin da zai koya. Yaro ne mai lafiya, aikin shinkafa a Bakura har ya buɗe masa kafaɗu bana.

Malam Bawa ya yanke hukunci: a auna jinin Ɗantala. In da tsabta ya zauna, in ba haka ba ya bar gidan.

Ɗantala ya yi dariya, ya ce a auna. Ranar awo ma har da fito ya dawo, Fa'iz na biye da shi da rigar dogon hannu a cikin zafin nan.

Da sakamako ya fito, Kubura ta kira Surayya, maƙwabciyarsu ma'aikaciyar jinya, ta tara kowa a tsakar gida don kada a ce ta ƙara gishiri. Surayya ta duba, fuskarta ta canza. Ta ce furotin iri biyu ne a jini. Wanda hanta ke sarrafawa ya faɗi ƙasa, ɗayan ya rinjaye shi, sauran awon hantar kuma duk sun hau. Mai wannan jini, in dai yana allura, hantarsa ta fara gajiya, ya ga likita cikin makon nan.

"To, zaki," in ji Kubura, "ina rantsuwar? Kwashe tsummokaranka. Ka je can hantar ta ƙarasa ruɓewa, ba a gaban ɗana ba."

Ta jira ya yi tsawa kamar kullum. Bai ma dube ta ba. Ya zame ya zauna a kan turmi, idonsa a kan Fa'iz, wanda ya sunkuyar da kai yana murza gwiwar hannunsa.

"Yaya Kubura," in ji Ɗantala a hankali, "ni ba a ɗebi jinina ba. Fa'iz na tura da sunana, don na ɗauka nasa mai tsabta ne."