Soket Ɗin da Ke Kife

"Wannan soket ɗin fa?" in ji surukata, Doña Herminia, tana durƙushe a gindin bangon kicin.

Raina ya ɓaci. Zuwanta na farko ke nan gidanmu a Barranquilla. Wajen cin abinci har na cika baki cewa ɓera bai taɓa taka gidana ba, ba kamar na wasu ba. Ta san da ita nake.

"Mama, na san a gidanku ramin nan na uku a ƙasa yake, kamar fuska: ido biyu da baki. Mu da gangan muka kifa shi, ko ƙarfe ya faɗo ba zai taɓa wuta ba."

Mijina Wilmer ya zungure ni. Na ture hannunsa.

"Ba kowa ya san wannan ba," na ƙara.

Ta miƙe a hankali tana karkaɗe gwiwa.

"'Yata, kifa abinki yadda kike so. Ni dai har na tsufa ban taɓa ganin soket mai gashin baki ba."

Na sunkuya. Ta tsagar murfin soket ɗin, ɓera ya ƙifta mini ido.