Mutumin Ranar Laraba

A asibitin da Talaleu take aiki a birnin Apia na bakin teku an kafa sabuwar doka. Duk wanda ya zo ganin likitar ƙwaƙwalwa, wato ita Talaleu, sai an fara tambayarsa ko yana so a buɗe zaman da addu'a. Kowa cewa yake yi a yi. Wata tsohuwa ma ta karɓe addu'ar daga bakin Talaleu, ba ta kai ga amin ba sai da lokacin da aka ba ta ya ƙare.

Mutum ɗaya ne ya ƙi, dattijo Peniamina. Ran Laraba yake zuwa, ta ƙofar baya, ya ja hula har gira.

"Baba, mu buɗe da addu'a?"

"Bar wahalar da bakinki, 'yata. Babu mai ɗauka a can."

Wata takwas ke nan da rasuwar matarsa. Ba ya barci, ba ya cin abin kirki, alhali kullum ana kai masa gwaza da kifi gida har ya rasa inda zai zuba. Sau biyu yana shiga teku da asuba, ruwa ya kawo masa wuya kafin ya juyo. Yadda ake ba da labarin cefane, haka ya gaya mata wannan.

Talaleu ta tsorata. Ta jawo masa wata aya daga Zabura, ta ce aya ta takwas ce, cewa Allah yana kusa da masu karyayyar zuciya.

"Ta goma sha takwas ce, ba ta takwas ba," in ji shi. "Kuma ba ta aiki."

"A duk ƙauyenku babu wanda za ka buɗe wa cikinka?"

"Su ke kawo mini nasu."

Daga ranar ta daina jawo aya. Ta sa ya yi mata alkawari ba zai ƙara nufar teku shi kaɗai ba, sannan ta ce in yana fushi da Allah, to ya faɗa masa a nan, da ƙarfi, ƙofa a rufe take.

Da ya buɗe baki, rabin awa ya yi yana faɗa da Mahaliccinsa, ya jero masa shekara arba'in na biyayya, ya tambaye shi ina sakayyar. Bayan haka ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ya share fuska, ya ce yunwa yake ji.

Ran Lahadi Talaleu ta sa farar rigarta ta shiga coci. Mutum ɗari uku suka sunkuyar da kai, ita kaɗai ta bar idonta a buɗe, lokacin da Fasto Peniamina ya ɗaga hannu ya ce, "Mu yi addu'a."