Yara Ne Suke Damuna

"Malam Gershon, tun ɗazu kake shawagi a ƙofata. Lafiya?" in ji Mijinyawa, mai gidan sinima na bayan tashar jirgin ƙasa.

Gershon ya share gumi. Shi dai, Allah ya ba shi hutawa, mutum ne mai kunya, ga shi dattijon coci. Ya taɓa kallon rabin wani katun na Japan a Kaduna, wuta ta ɗauke, ƙarshen ya tsaya masa a rai. Amma da furfurarsa ya ce yana son katun? Ai Kafanchan ta samu abin dariya.

"Ba ni ba ne fa, yara ne suke damuna. Ko za ka sa musu katun ɗin Japan, na masu manyan idanun nan?"

"Don yara? Asabar da rana, kawo su."

Ranar Asabar yaransa suka ce su ƙwallo za su. Ya ja hula ya tafi shi kaɗai, yana shirya ƙarya a hanya.

Yana ɗaga labule ya daskare. Benci ya cika: ga hedimasta Eli, ga Alhaji Irfan mai citta, har da fasto, kowa ya ja hula. Yaro ko ɗaya babu.

Mijinyawa ya dube su. "To iyaye, ina yaran da kowa ya ce suna damunsa?"

Kowa ya ƙara jan hularsa.

Mijinyawa ya rufe ƙofa, ya sa kaset, ya zauna a bencin gaba.

"Madalla. Ni ma ce wa matata na yi don yara na saya."